Darasi: Maganin Tsare Kai Daga Ƙanjamau, Da Dalilin Da Ya Sa Masu Bukatarsa Suke Gudunsa

 Darasin wannan wata a kan lafiyar mai riƙe da fartanya ne. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta shi a taro a hankali, a tsaya a yi tambayoyi, gama akwai magana a ciki wadda ba mu saba yi a fili ba.

Illela garin iyaka ne. Daga nan zuwa Ƙonni a Jamhuriyar Nijar ba nisa, kuma ranar kasuwa gari yakan cika da fatake, da dillalan shanu da raƙuma, da direbobin manyan motoci masu ɗaukar albasa zuwa kudu. In an gama girbi, samarinmu da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, sai damina ta kusa su dawo. An rufe iyaka a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata gefe a Maris 2024. Duk wanda yake nan ya san zirga-zirga ba ta tsaya ba, hanya kawai ta canza. Inda mutane suke yawan tafiya suna barin iyali watanni, nan ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda maƙwabtanmu na Nijar suke kira sida, takan sami hanya.

A 2018 gwamnati ta yi babban bincike, aka bi gida gida ana gwada jini. Aka tarar a cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 bisa ɗari suna ɗauke da ƙwayar, kuma jimillar masu ita a ƙasa ta kai wajen mutum miliyan 1.9. A Arewa maso Yamma lissafin ya fi ƙanƙanta, kashi 0.6 bisa ɗari, watau mutum shida cikin dubu. Wani zai ce to ai da sauƙi. Amma manomi ya san in an ce gona ta ba da buhu goma, ba kowace kunya ce ta ba da daidai ba. Binciken da aka yi a 2020 a wasu jihohi a kan rukunonin da suka fi shiga haɗari ya nuna wajen kashi 15 bisa ɗari na mata masu zaman kansu suna da ita, kuma a cikin maza masu kwana da maza, ɗaya cikin huɗu. A cikin waɗanda aka haifa da siffar jinsi ɗaya suna rayuwa a matsayin ɗayan, lissafin ya ɗan fi haka ma. Za mu dawo kan waɗannan mutane.

Mene ne wannan magani?

Ma'aikatan asibiti suna kiransa Pirep. Magani ne da mutumin da ba shi da ƙanjamau yake sha tun kafin ƙwayar ta same shi, domin in ta shigo ta tarar an riga an tare ƙofa. Mun saba da irin wannan dabara. Kowace damina ma'aikata suna bi gida gida a Jihar Sakkwato suna ba ƙananan yara maganin zazzaɓin cizon sauro wata wata, alhali yaran lafiyarsu ƙalau. Tsofaffi kuma za su tuna da Daraprim da ake sha kowace Lahadi. Haka Pirep yake.

Ga yadda yake aiki. Ƙwayar ƙanjamau ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta shiga cikin sojojin jini masu kare jiki, ta sa su su riƙa buga mata kwafin kanta. Ƙwayar maganin tana ɗauke da magunguna biyu, tenofobir da emtirisitabin, ko kuwa lamibudin a madadin na biyun, kuma aikinsu su tsayar da wannan bugun kwafi. In maganin yana cikin jiki daidai gwargwado, ƙwayar da ta shigo ba ta samun wurin kafa saiwa. In babu shi a jiki ranar da ta shigo, to shan da aka yi watan jiya bai amfana kome ba. Nan ne ya bambanta da lambar ƙyanda ko allurar shanu: waɗancan sukan koya wa jiki faɗa, shi kuwa mai gadi ne, ran da bai zo aiki ba ƙofa a buɗe take.

Akwai ƙa'idodi da ba a tsallakewa. Tilas a gwada jini tukuna a tabbata mutum ba shi da ƙwayar, gama in yana da ita ya sha magunguna biyu kaɗai, ba za su isa su danne ta ba, sai ma ta koyi jure musu. Ana sake gwaji kowane wata uku. Ana so a sha kwana bakwai a jere kafin mace ta dogara da shi. Mai ciwon ƙoda ko ciwon hanta na B ya faɗa wa ma'aikaci tun farko. Wajen mutum ɗaya cikin goma yakan ji tashin zuciya ko ciwon kai a makonnin farko, daga baya ya wuce. Kuma maganin ba ya hana ciki, ba ya hana ciwon sanyi ko tunjere. Wannan aikin kororon roba ne.

Kada a haɗa shi da maganin gaggawa da ake ba wanda haɗari ya riga ya same shi, kamar yarinyar da aka yi wa fyaɗe ko ma'aikacin da allura ta soke. Shi wannan dole a fara shi kafin awa 72 su cika, a sha kwana 28. In irin wannan ya faru a ƙauye, kada a tsaya jiran sulhu tsakanin dattawa, a kai ta asibiti a ranar.

Yadda aka gane yana aiki

A 2010 aka ba da sakamakon gwaji na farko mai girma, wanda aka yi da mutum 2,499, maza masu kwana da maza da masu rayuwa a matsayin mata, a Peru, Ekwado, Birazil, Amurka, Tailan da Afirka ta Kudu. Kamuwa ta ragu da kashi 44 bisa ɗari. Da aka duba jinin mutanen sai aka gane da yawa ba sa sha. A cikin waɗanda aka tarar da maganin a jininsu, kariyar ta wuce kashi 90. Wani gwaji a Kenya da Yuganda da ma'aurata fiye da 4,700, inda ɗaya yana da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, ya nuna raguwar kashi 75. Amurka ta amince da maganin a 2012 da sunan Truvada, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda yake cikin babban haɗari.

Amma akwai gwajin da ya fi koya mana darasi, shi ne wanda bai yi nasara ba. An yi shi da mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe. Suna zuwa asibiti, suna karɓa, suna cewa suna sha. Da aka gama, ba a ga wata kariya ba. Aka auna jini, aka tarar ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suke da maganin a jiki. Mu malaman gona wannan bai ba mu mamaki ba. Sau nawa aka raba ingantaccen iri, aka rubuta a takarda cewa an raba, alhali yana rataye a rumbu ko ya tafi kasuwa? Ba taurin kai ne ya hana matan nan sha ba. Wasu suna tsoron miji ya ga kwalba, wasu suna tsoron a ce suna da cutar, wasu ba su gaskata abin da aka faɗa musu ba.

Waɗanda ba a ambata a taro

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. A garuruwanmu akwai 'yan daudu, kowa ya san su, muna sayen abinci a hannunsu a tasha da kasuwa. Ba kowane ɗan daudu ne yake kwana da maza ba, kuma yawancin maza masu kwana da maza ba 'yan daudu ba ne, ba a gane su a fuska ko a tafiya. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, gama a ƙasar Hausa namiji ba ya zama ba aure. Saboda haka wanda ya ce wannan ba ruwansa, bai yi lissafi daidai ba. Matar da take gida, wadda ba ta san kome ba, tana iya zama 'yarmu ko ƙanwarmu, jaririn da za ta haifa kuma jikanmu ne.

Me ya sa lissafinsu ya yi yawa haka? Dalili na farko na jiki ne: fatar cikin dubura siririya ce, tana saurin tsagewa, ƙwayar takan shiga ta nan da sauƙi fiye da sauran hanyoyin saduwa. Dalili na biyu tsoro ne. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko goyon bayansu. A Sakkwato da sauran jihohin da suka kafa dokokin Shari'a tun daga 2000 akwai hukunci mai tsanani ga Musulmi a kan wannan. A lokacin da aka sa hannu a dokar, akwai wani asibitin bincike a Abuja da yake duba irin waɗannan maza. Kafin dokar, kashi 25 bisa ɗari sun ce suna tsoron zuwa neman magani. Bayan dokar suka zama kashi 38. Wanda yake tsoron asibiti ba ya gwada jini, wanda bai gwada jini ba kuwa ba a iya ba shi Pirep, ba a kuma iya ba shi maganin danne cutar in ya riga ya kamu.

Koyarwar ikkilisiya a kan aure sananniya ce, ba ita muke tattaunawa a nan ba. Abin da muke cewa shi ne ba mu taɓa ganin asibitin mishan ya tambayi mutum zunubinsa kafin a ɗaure masa rauni ba. A ganinmu, gori da tonon asiri ba su taɓa rage wannan cuta ba a ko'ina, sai dai su kore ta zuwa inda ido ba ya gani. Ya kamata kuma a sani, akwai dokar ƙasa ta 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙanjamau a wurin aiki, makaranta da asibiti, ta kuma hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba.

A manyan birane an lura waɗannan mutane sun fi yarda su karɓi magani a ƙananan cibiyoyi inda ake yin gwaji da shawara da ba da magani a ɗaki ɗaya, ta hannun ma'aikatan da suka amince da su. A gari kamar namu, inda mai ba da kati a asibiti yana iya zama maƙwabcinka, matsalar ta fi girma. Shi ya sa wasu sukan gwammace su biya kuɗin mota zuwa Sakkwato inda ba a san su ba, wasu kuma su haƙura gaba ɗaya.

Ƙwaya, allura, ko zobe?

A dā zaɓi ɗaya ne, ƙwaya kullum. Kyawunta tana da araha, mutum yana iya dainawa in haɗari ya wuce, kamar ɗan cin rani da ya dawo gida, bayan ya yi shawara da ma'aikaci. Aibinta mantuwa, da kuma cewa kwalbarta ta yi kama da ta masu jinyar cutar. Direban da yake kwana ɗaki ɗaya da abokan aiki, ko matar da take da kishiya, ina za su ɓoye ta?

Ga maza akwai wata hanya da aka gwada a Faransa da Kanada, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019: ƙwaya biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24, ɗaya kuma bayan awa 48. Wannan hanya ba ta mata ba ce, gama maganin yakan ɗauki lokaci kafin ya taru a jikin mace. Su mata akwai zoben roba mai maganin dafibirin da mace take sa wa kanta a farji ta canza kowane wata. Kariyarsa ba ta kai ta sauran ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ne a gwaje-gwaje, amma yana hannunta, ba mai gani.

Sai allurai. Ta kabotegirabir ana yin ta a ɗuwawu, biyu na farko wata ɗaya tsakani, daga nan kowane wata biyu. A gwaji da maza masu kwana da maza ta fi ƙwaya rage kamuwa da kashi 66 bisa ɗari, a gwaji da matan Afirka da kusan kashi 90, yawanci domin ba a mantawa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022. Sabuwar kuwa, lenakapabir, ana yin ta a ƙarƙashin fatar ciki sau biyu kaɗai a shekara. A 2024 aka ba da labarin gwajinta da 'yan mata da mata a Afirka ta Kudu da Yuganda: cikin mutum 2,134 da aka yi musu, ko ɗaya ba ta kamu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yuli 2025, kuma a Satumba 2025 aka yi yarjejeniya da kamfanonin Indiya su sayar da ita dala 40 a shekara ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi daga 2027. Ku yi tunanin ɗan cin rani: allura ɗaya bayan girbi, ɗaya kafin shuka.

In an tambayi mutane a ƙasashe da yawa, mafi yawa sukan ce allura suke so, saboda sirri. Amma ba kowa ba. Wasu suna tsoron allura, wasu ba sa son ƙullutun da takan bari a fata, kuma mai allura tilas ya dawo a kan lokaci. In ya makara, ragowar maganin a jikinsa ba ta isa ta kare shi ba. Ga wanda iyaka take iya rufewa yana wancan gefe, wannan abin dubawa ne.

Gwajin da ya fi kama da halinmu an yi shi a ƙauyukan manoma da masunta a Kenya da Yuganda, aka ba da sakamako a 2024. Aka ba rabin mutane zaɓi: ƙwaya, allura, ko maganin gaggawa, kuma mutum yana iya canzawa in halinsa ya canza. Sauran aka bar su da tsarin da aka saba. Masu zaɓi sun kasance cikin kariya wajen kashi 70 bisa ɗari na lokacin, sauran kashi 13 kacal. Ba wanda ya kamu a cikin masu zaɓi, a ɗaya gefen mutum bakwai suka kamu. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki allura ba sa shan wani maganin kariya kafin su fara ta. Mai jigawa da mai fadama ba iri ɗaya suke shukawa ba, kuma malamin gona da ya zo da iri ɗaya tak zai koma da rabin kayansa.

Ma'aurata a cikinmu

Kada mu ɗauka maganin na wasu ne can. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne ma'aurata da aka gwada, aka tarar ɗaya yana da ƙwayar. Ikkilisiyoyi da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma mun ga yadda ake fasa aure ko a kori mace saboda wannan. Ga abin da likitoci suka tabbatar: mai ƙwayar da yake shan maganinsa kullum har ta danne ba a ganinta a gwaji, ba ya sa wa abokin zamansa. Wannan yakan ɗauki har wata shida. A cikin waɗannan watanni, da lokacin da ake neman haihuwa, ɗayan yana iya shan Pirep ya zauna lafiya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ma tana iya shan ƙwayar. Aure irin wannan yana iya tsayawa, a haifi 'ya'ya masu lafiya.

Batun samu

Ba za mu ɓoye muku ba, samun maganin ba shi da tabbas. Shekaru da yawa mafi yawan kuɗin aikin ƙanjamau a Nijeriya daga waje yake zuwa, musamman daga shirin Amurka mai suna PEPFAR da Asusun Duniya. A Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje. Da aka sassauta a Fabrairu, aka bar maganin masu jinya ya ci gaba, amma Pirep aka ce sai ga mata masu ciki da masu shayarwa. Cibiyoyi da yawa masu kula da rukunonin da muka ambata suka rufe ko suka rage aiki a wannan shekara. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 a Fabrairu 2025 domin sayen maganin masu jinya. Saboda haka kada a yi wa kowa alkawari. A je sashen gwajin ƙanjamau na babban asibitin Illela, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a tambaya wane iri ne yake hannu a lokacin. Kada kuma a saya a hannun masu tallar magani a kasuwa ko a tasha, gama ba gwaji, ba kuwa tabbacin abin da yake cikin kwalba.

Abin da ƙungiya take iya yi ba mai tsada ba ne. Kafin 'yan cin rani su tashi, a gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi magana da maza su kaɗai, wata ma'aikaciya kuma da zumuntar mata, gama akwai tambayoyin da ba a yi a gaban suruki. In za a yi gwaji, shugabanni su fara miƙa hannu, kowa kuma ya karɓi sakamakonsa shi kaɗai a ɗaki. Ƙungiyoyin da suke da asusun taimakon rashin lafiya su duba ko za a yarda mamba ya karɓi kuɗin mota zuwa asibiti ba tare da an tambaye shi ciwon da yake kai shi ba. Ma'aji ya rubuta "kuɗin asibiti" a littafi, da yawan kuɗin da ranar, ya tsaya nan.